Rasuwar Lalla Duja, Majigin Bayan Kasuwar Kifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ta kasa ɗagowa ta dubi mutane, Am Shadli bin Ayyad, mai haska fim a sinimar bayan kasuwar kifi ta garin Mahdiya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan ƙungiyar gajerun finafinai ta ranar Asabar, da duk wanda ya taɓa zama cikin duhu ya ɗaga kai yana kallon farin bango, rasuwar abokiyar aikinsa ta shekara talatin da takwas, na'urar majigin da garin nan ya sani da suna Lalla Duja. Ta rasu ranar Asabar ta farkon wannan wata, da ƙarfe biyar saura na yamma, tana bakin aikinta, a gaban shaidu ɗari da goma sha ɗaya, waɗanda suka miƙe tsaye suna tafi.

An so a rubuta mata addu'ar rahama a nan, amma limamin unguwa ya ce ƙarfe ba ya bukatarta, a ajiye wa mai ƙarfen, don shi ya fi bukata. Am Shadli bai yi musu ba.

Sanarwar ta makara da kwana goma sha biyu, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin dalili. Am Shadli ya yi kwana tara yana faɗin ƙarya game da yadda marigayiya ta mutu, ya kuma yi kwana uku yana neman bakin da zai warware ƙaryar da shi. Ya ɓata mata suna a gidan shayi, ya ɓata mata suna a bakin kasuwa, alhali ba ta da bakin kare kanta. Don haka wannan takarda sanarwar rasuwa ce, kuma wanke sunan mamaciya ce. Shi ya faɗa, mai rubuta wa ƙungiya takardunta ya rubuta, kuma mai rubutun ma ba shi da bakin yi wa kowa dariya, don yana layi na uku ranar, ya tafa har hannunsa ya yi ja.

Babu wanda ya san shekarar haihuwar marigayiya. Ta iso garin nan a jirgin ruwa cikin akwatin katako, ta riga ta yi aiki a wata ƙasa, fentinta ya fara koɗewa a gefen da ake riƙewa. Am Shadli yana saurayi a lokacin, shi ya ɓalle ƙusoshin akwatin. Da aka kunna ta karon farko sai ta yi wani ɗan tari sau biyu kafin ta kama aiki, irin tarin tsohuwar da ke soya birik, wato wainar fulawa mai ƙwai a ciki, a ƙofar sinima, wadda ake kira Lalla Duja. Nan take sunan ya bi ta. Tsohuwar ta yi fushi na wata guda, daga baya ta riƙa leƙowa tana tambayar lafiyar takwararta.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, kuma duk wanda ya san abin da ta ɗauka zai shaida. Manyan finafinai na faɗa da soyayya kowace na'ura tana iya nuna su. Ita kuwa gajerun finafinan 'yan gari aka ɗora mata, waɗanda malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya da masu gyaran raga suke yi da kuɗin aljihunsu da ranakun hutunsu. Ta nuna fim ɗin minti goma sha ɗaya a kan masu kwasar gishiri. Ta nuna na masaƙan siliki, wanda rabinsa duhu ne saboda mai kyamara ya manta da fitila. Ta nuna jakin takarda da wani likitan haƙori ya yanka da almakashi, ya riƙa matsar da ƙafafunsa kaɗan-kaɗan yana ɗauka har jakin ya yi tafiya. Ta nuna wani fim na minti bakwai da ba a yin komai a cikinsa sai wani mutum yana ɓare lemo, ta nuna shi sau uku a shekaru daban-daban, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ba ta bambanta gwani da ɗan koyo. Hasken da ta ba wannan shi take ba wancan.

Tsarin Asabar bai taɓa canzawa ba. Da safe Am Shadli zai jera gajerun finafinai biyar, ya manne wutsiyar wannan da kan wancan a faifai guda, ya sa ɗan baƙin zaren fim mara hoto a tsakani don mutane su samu damar gyara zama su tofar da ɓawon 'ya'yan kabewa. Ƙarfe huɗu a kashe fitila. In an gama a kunna, sai Si Munji, tsohon malamin falsafa kuma shugaban ƙungiya, ya miƙe ya buɗe muhawara. A tarihin ƙungiyar nan ba a taɓa yin muhawarar da ta gaza finafinan tsawo ba. A nan ne mutum zai ji cewa lemon nan ba lemo ba ne, ƙasa ce ake ɓarewa, mai fim ɗin kuma yana zaune yana gyaɗa kai, alhali lemo ne kawai ya samu a gida ranar.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce, amma abin da take faɗa a sarari yake. In tana cikin ƙoshin lafiya sai ta ce taka-taka-taka-taka, ba gaggawa, ba jinkiri. In tana son mai sai ta ƙara da kirrr a ƙarƙashi. In mahaɗin fim biyu ya wuce ta cikin haƙoranta sai ta ce ƙyas, sau ɗaya. In an gama aiki kuma, fankarta ta yi ta huuu har jikinta ya huce. Am Shadli ya haddace wannan harshe tun yana da baƙin gashi, kuma da shi ya yi suna. Ba ya kallonta in tana aiki, saurarenta yake yi. Ana ba da labarin ranar da yana tsallaken titi yana shan shayi, wani ya karɓe shi na minti biyar, sai ya ajiye kofi ya ce zare ya sassauta, ya ruga ya tarar haka ne. Labarin gaskiya ne. Matsalarsa ita ce ya ji daɗin labarin fiye da kima.

Da zamani ya juya, mai sinima ya sayo sabuwar na'ura wadda ba ta cin zare, ba ta tari, ba ta cewa komai, aka matsar da Lalla Duja gefe. Sai Asabar ta farkon wata kawai ake buɗe mata mayafi, saboda 'yan tsirarun masu taurin kai da har yanzu suke yin fim a kan zare. Ba ta nuna ɓacin rai ba.

Shekara huɗu da suka wuce kunnen Am Shadli ya fara mutuwa. Tun yana cewa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana, har 'yarsa Siham ta ja shi birnin Susa wajen likita, suka dawo da 'yar na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Ya karɓa ya yi godiya, ya saka ta cikin gwangwanin alewa, ya jefa aljihu. Mutumin da ake cewa yana jin zare daga tsallaken titi, yaya za a gan shi da roba a kunne? Sai ya ɓullo da doka cewa ba mai shiga ɗakin majigi in ana aiki. In ya hau bene ya murza makulli, sai ya buɗe gwangwani ya maƙala abinsa, muryar Lalla Duja ta dawo masa tas. In zai sauko ya cire. A waje kuwa ya koyi murmushi da gyaɗa kai da cewa "ƙwarai kuwa" ga duk abin da ya ga leɓe ya motsa da shi. Marigayiya ce kaɗai yake ganin ta san sirrin, ta kuwa riƙe masa.

A nan dole a ambaci Wasila mai ɗinkin adon kayan amare a lungun masaƙa, 'yar Rayis Hamda. Tana shekara tara mahaifinta ya fita da jirginsa kamun kifi, teku ba ta dawo da shi ba, ko katako ɗaya ba a gani ba. Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ba ta cika ɗauko zancen ba. Shekara uku da suka wuce ta zo ta roƙi Am Shadli guntayen baƙin zaren nan da yake sawa tsakanin finafinai. Ba ta da kyamara, ba ta kuma nema ba. Allurar ɗinkinta ta ɗauka, da gilashin ƙara girma, ta riƙa kankare zane a jikin zaren kansa, hoto bayan hoto, kowane hoto bai kai farcen ɗan yatsa ba. Sai an yi ashirin da huɗu kafin a samu daƙiƙa ɗaya ta kallo. Ta yi minti shida. Irin wannan fim ba shi da na biyu, don zaren da aka zana shi ne fim ɗin, in ya tafi ya tafi.

Dalanda, malamar sakandare da ke ɗaukar finafinan labarin gaskiya, ta ba ta shawara a gaban Am Shadli cewa ta fara kai shi babban birni a kwafe shi a kwamfuta kafin a nuna. Am Shadli ya ga ana nuna faifai ana nuna hanyar tasha, ya gane inda aka dosa, ya kumbura.

"Wato tsohuwata ce ba a yarda da ita ba?" in ji shi. "Shekara talatin da takwas, wa ya taɓa kawo zare ya koma da kuka?"

Wasila ta matso kusa da shi ta ce, "Am Shadli, ba raini ba ne. Shi ke nan gare ni, ba ni da wani."

"Kawo shi, 'yata. In ko ƙwarzane ɗaya ya samu, ki zo da almakashinki ki yanke min kunne."

Ta yi dariya ta miƙa masa. Ya sa shi na biyar a faifai, wurin da ake ajiye wanda aka fi ji da shi.

Rashin lafiyar ajali gajeruwa ce, daƙiƙa hamsin da uku, kuma ga yadda ta zo. Dalanda ta daɗe tana roƙonsa ya bari ta ɗauki ɗan gajeren fim a kansa, yana bakin aiki. Ranar Asabar ɗin ya amince. Ya je wajen wanzami, ya ɗaura lakatayen da ya sa ranar auren Siham. A kan matakala ya shafa aljihu, ya ji gwangwanin alewa, ya dubi kyamarar da ke biye da shi, ya bar gwangwanin inda yake. Ya ce wa ransa ai yini ɗaya ne, kuma hannunsa ya san aikin ko yana barci.

Fim huɗu suka wuce lafiya. Na biyar ya fara, fararen layuka a kan baƙi, siraran kamar zaren ɗinki. Ga tashar jirage da asuba, ga mutum yana kwance igiya, ga 'yar yarinya a bakin gaɓa, ga jirgi yana ƙanƙancewa cikin teku. Zauren ya yi tsit, har masu ɓare 'ya'yan kabewa suka dakata. A sama kuwa Am Shadli ya juya wa marigayiya baya, ya juya wa 'yar tagar da ake hango bango baya, ya fuskanci kyamara yana bayani.

A minti na uku da rabi zare ya zame daga haƙora. Ba laifin kowa ba ne, yana faruwa, kuma gyaransa taɓa maɓalli ɗaya ne in an ji da wuri. Marigayiya ta faɗa nan take. Ta bar taka-taka ta koma garrr-garrr, ta ƙara da kaf-kaf-kaf, ƙarar da ba ta taɓa yi ba sai in abu ya kai mata wuya. Haƙoranta suna yaga gefen zaren, ba ta da ikon tsayar da kanta, mai ikon kuma yana taku biyu daga gare ta yana gyara lakataye.

"Ni ba na kallonta," yake ce wa kyamara, bakinsa har kunne. "Saurarenta nake yi. Ko numfashinta ya canza sai na ji."

Dalanda ta ɗago kai ta ce, "Am Shadli, wannan ƙarar fa? Haka take yi dama?"

Ya ga leɓenta ya motsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙwarai kuwa, 'yata."

A ƙasa, hoton da ke bango ya fara tsalle yana rawa, jirgin ya rabu biyu ya haɗe, layuka suka cakuɗe. Mu kuwa masana sai muka gyara zama muka ce ga guguwa ta taso, kai, dubi yadda matar nan ta zana guguwa da allura! Sai hoton ya tsaya cak. Wani ɗigo ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar jirgin, ya kumbura, ya buɗe, ya cinye jirgin da tekun, bango ya koma fari fat. Si Munji ne ya fara miƙewa. Kafin ka ce me, zauren duka yana tsaye.

Hanci ne ya gaya wa Am Shadli abin da kunne ya kasa. Da ƙauri ya buge shi ya waiwaya, ya ga zare ya cukurkuɗe yana hayaƙi, sai ya rikice. Maimakon ya kashe wuta ya bi a hankali kamar yadda shi da kansa ya koya wa mutane, sai ya cafki hannun juyawa ya murɗa baya da ƙarfin tsiya. Wani abu ya ce ƙaras a cikin cikinta. Ƙwan fitila ya fashe, inji ya yi ƙugi ya tsaya. Fankarta ce ta ƙarshe, ta ce huuu, ta yi shiru. Ƙarfen da ya karye an daina ƙera irinsa tun kafin a haifi Dalanda.

Si Munji ya yi minti ashirin da biyar yana magana. Ya ce a shekara arba'in bai ga ƙarshen fim mai ƙarfin wannan ba. Ya ce wuta a tsakiyar ruwa ita ce halin da ɗan Adam yake ciki. Ya kira Wasila ta miƙe. Ta miƙe tana riƙe da bayan kujera, ta ce, "Si Munji, ba ni na sa wutar ba."

"Kun ji tawali'u!" in ji shi. Muka sake tafawa.

Ta bar mu a nan ta hau bene. Ta tarar da Am Shadli a durƙushe yana zaro yagaggen zare daga haƙoran marigayiya, hoto dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu, aikin wata biyar ko fiye, duk ya zama tsumma. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya tana kallonsa. A nan ne ya faɗi maganar da ta sa aka rubuta wannan takarda.

"Tsufa ne, 'yata," ya ce, bai ɗago ba. "Haka kawai ta yi. Ko tari ba ta yi ba balle in sani."

Wasila ta kwashe abin da ya ragu a faifai, ta naɗe a gyalenta, ta sauka.

Kwana tara yana maimaita wannan magana, kullum tana ƙara gishiri. Ya ce dama ya daɗe yana lura tana ha'inci. Ya ce ƙarfe ba shi da amana. Da gari ya gane wutar ba ta cikin fim, sai kowa ya huce kunyar tafinsa a kan marigayiya. Waɗanda ta haska wa jakin takarda da ɓare lemo su ne suka riƙa ce mata tarkace. Si Munji ya ce shi dama tun a zauren ya yi shakka. Mai sinima ya aika a kira mai sayen tsohon ƙarfe. Am Shadli yana zaune a gidan shayi yana gyaɗa kai.

Ranar ta tara da hantsi Dalanda ta same shi a ɗakin majigi yana zaune kusa da gawar. Ta ajiye kwamfutarta a kan teburin manne zare, ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Am Shadli, ciro abin nan na cikin gwangwanin alewa ka sa."

Ya yi tsuru-tsuru. "Wane gwangwani?"

"Haba, Am Shadli! Garin nan kaf wa bai sani ba? Shekara huɗu muna yi maka ihu kamar masu tallan kifi don kada ka ji kunya. Mai shayi ma da hannu yake tambayarka sukari nawa. Ni dai na ɗauka kana sawa in ka hau nan, ban duba kunnenka ba ranar, laifina ke nan. Sa ka ji."

Ya sa. Ta kunna. Ya ga kansa da lakataye, yana ji da kansa, yana cewa ko numfashinta ya canza sai ya ji. A bayan kafaɗarsa kuma ga Lalla Duja tana garrr-garrr, tana kaf-kaf-kaf, tana kiransa da duk muryar da take da ita. Ya ce a mayar. Aka mayar. Ya ƙirga da bakinsa, daƙiƙa hamsin da uku. Ya ce da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya ja ta ya rufe. Dalanda ta ce ba za ta nuna wa kowa ba in bai yarda ba, ta ɗauki kayanta ta bar shi.

Kwana uku yana zuwa bakin lungun masaƙa yana komawa. A na ukun ya shiga, abin jinsa a kunne, a fili. Wasila tana kan rigar wata amarya, ba ta ajiye allura ba.

"'Yata, na zo da kunnen," ya ce. "Ga shi, ga almakashinki. Ba tsufa ba ne. Ta kira ni, ni ne ban ji ba. Na bar abin nan a aljihu."

"Don me?"

Ya ce, "Don in fito da kyau a hoto."

Ta ja zare ta cije, ta sake zura wani. Shi dai yana tsaye, ba a ce ya zauna ba. Can ta tashi ta buɗe akwati, ta ɗauko faifan, ta warware kamu guda a jikin taga, ta miƙa masa gilashinta.

"Ka san me ke nan? Ba ka sani ba, ba wanda ya sani. Duba."

Ya duba. Minti ɗaya da rabi na ƙarshe bai kai ga shiga na'ura ba, yana nan lafiya. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana ja masa zaren. Teku ta kwanta. Wani ɗigo ya ɓullo daga nesa yana girma. Jirgin ne. Ya shigo tasha, mutumin ya jefa igiya, ya tako gaɓa, 'yar yarinyar tana nan inda ya bar ta.

"Shekara uku na yi ina dawo da shi gida," in ji Wasila. "Mutum ɗari da sha ɗaya suka tashi suna tafa wa jirgin ubana yana ci da wuta. Ban ce ka gyara ba, Am Shadli, ba ka iyawa. Ban kuma ce na yafe ba, kada ka je ka ce na ce. So nake su ga ya dawo. Kuma zaren nan ba zai sake shiga bakin wata na'ura ba."

"To yaya za su gani?"

"Da ƙafarsu. Kai za ka kai su."

Marigayiya ta rasu ta bar farin bango guda, wanda ruwan sama ya ɓata masa kusurwar hagu, da kujeru ɗari da arba'in, goma sha biyu a cikinsu ba sa naɗewa. Ta bar faifai tara, da almakashi da kwalbar gam, da gwangwanin mai da ya yi rabi, da ƙwan fitila guda sabo da aka ajiye mata don ranar bukata. Ta bar sabuwar na'ura, wadda suka zauna ɗaki ɗaya shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ce mata uffan ba. Ta bar gajerun finafinai sama da ɗari huɗu a cikin kwanonin ƙarfe, waɗanda yanzu babu mai karanta su a garin nan. Ta bar minti uku da rabi na farkon fim ɗin Wasila da minti ɗaya da rabi na ƙarshensa, da rami a tsakani. Ta kuma bar Am Shadli bin Ayyad, mai shekara sittin da uku, wanda yake shaida wa duniya cewa ba ta yi ha'inci ba, ba ta yi shiru ba, ta yi gargaɗi a kan lokaci, kuma hannunsa ne ya ƙarasa ta.

An sallami mai sayen tsohon ƙarfe. Am Shadli ya riga ya yi mata wanka da kananzir da tsohon buroshi, ya shafe ta da mai, shi kaɗai, bai yarda kowa ya taya shi ba. Za a sauko da ita ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe, a ajiye ta a zauren shiga kusa da tagar sayar da tikiti, inda za ta zauna daga yanzu. Wasila ta aiko da baƙin ƙyalle na rufe ta, ragowar ɗinki ne, ta ce a faɗa a fili cewa don na'urar ta bayar, ba don mai ita ba.

Da ƙarfe tara da rabi za a nuna fim ɗin Dalanda a sabuwar na'ura, ba a yanke komai ba. Am Shadli ne ya nemi haka, ya kuma nemi a ƙure sauti, zai zauna a layin gaba. Babu muhawara bayansa. Si Munji ya roƙi minti biyar, an ba shi haƙuri.

Da ƙarfe goma, lokacin da rana ke bugun dogayen tagogin zauren shiga ta gefen teku, za a miƙe ragowar zaren Wasila, minti ɗaya da rabin nan na ƙarshe, a jikin gilashi daga wannan bango zuwa wancan, kimanin taku ashirin. Masu ta'aziyya za su shigo ɗaya bayan ɗaya. Am Shadli zai riƙe wa kowa gilashin ƙara girma, ya taka da shi daga hoton farko har na ƙarshe, sannan ya komo ya ɗauki na gaba, har sai mutum ɗari da goma sha ɗayan nan sun ƙare, ko da za a kai la'asar. Ba a taɓa zaren da hannu. Ba a shigowa da 'ya'yan kabewa. Akwai kofi da ruwa a ƙofa.

Mai son yi wa Am Shadli gaisuwa ba sai ya ɗaga murya ba, yanzu yana ji. In kuma mutum ya kai ƙarshen taga, ya ga Rayis Hamda ya taka gaɓa, ana roƙonsa don girman Allah ya fita ta ƙofar gefe a hankali, kada ya tafa.